Hura Kafin Ka Tafi

Kullum safiya a Duluth,
kafin injin ya yarda ya yi tari,
sai na sunkuya na hura wa motata numfashi,
kamar mai neman izinin shiga gidan kansa.
Wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba,
ita ce alƙaliyata yanzu.
Ta yi jim, ta auna ni, ta yi ƙara,
sannan in murɗa makulli.

Daren da Torvald ya yi ritaya ne,
bayan shekara talatin yana lodi a tashar jiragen ruwa.
Na ce kofi uku na sha.
Takarda ta ce ba uku ba ne.
Gida kuwa ga shi can gangaren tudu,
tafiyar da ba ta kai zuƙar sigari ɗaya ba.
Sai ja da shuɗi suka cika madubi.

Sajan Ojala ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce in bi farin layi, dunduniya na taɓa yatsa.
Ban taɓa sanin layin titi siriri ne haka ba.
Ƙanƙara na zuba a kan hularta,
ankwa ta fi ƙanƙarar sanyi.

Suka karɓe igiyar takalmi da zoben aure,
suka ƙulle a leda,
suka rubuta Arvid Halonen, ba kuskuren harafi ko ɗaya.
Da ma sun yi kuskure.

A kotu ba mu cinye minti goma sha biyu ba.
Kuɗin da muka tara don gyaran rufi, lauya ya lashe,
ya ce in gode ban take kowa ba.
Na gode. Har yau ina godewa,
da tsakar dare, ido biyu, ina ƙirga waɗanda ban take ba.
Alƙali ya karanto nasa bai ɗago kai ba:
tara, lasisi, aji kowace Talata a ɗakin ƙasa na coci,
da fitsari a kwalba duk ranar da waya ta yi kira.

Gidan burodin da nake yi wa tuƙi
suka ce ba su da abin faɗa a kaina,
sai dai inshora ba ta san mutunci ba.
Yanzu ni ke jera tire, wani yaro ke jan motar.
Da bazara muka nufi Kanada kamun kifi da ƙanena,
mutumin iyaka ya dubi kwamfuta, ya dube ni,
ya nuna mana inda ake juyawa.
Ƙanena bai ce uffan ba har gida.
Tsutsotsin suka mutu a gwangwani.

Na ce wa Marlys tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Ta ce, tsautsayi ne ya riƙe maka kofin?
Sun cire mana lamba, sun ba mu wata
mai farawa da harafin da duk unguwa ta iya karantawa.
Ita ke jan motar zuwa asibiti aikin dare,
ita da ko a biki ruwan lemo take sha,
tana ajiye laifina a layin ma'aikatan jinya.

Saura wata bakwai, in ji takarda.
Takarda ba ta san da wannan ba:
jiya ina wanke kwanuka, na leƙa taga,
Britta, shekararta biyar, ta fito da kekenta.
Ta gyara hula, ta sunkuya,
ta hura wa kan keken iska, doguwa, da gaske,
ta tsaya tana jira,
sannan ta ɗora ƙafa ta tafi.